Minti Goma Sha Ɗaya na Don Evaristo

Mun buɗe ta ran Alhamis da dare,
mu uku, a ɗakin sama da muke haya a Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna a jikin dutse
kowanne na tsoron a tare masa teku.
Manhaja ce ta labaran wasannin bidiyo.
Wata goma muna ɗinkinta.
Ximena ta zaɓi launi, shuɗi mai duhu,
Amaro ya sa hotuna su riƙa zamewa da kansu,
ni kuma na cusa talla duk inda na ga fili,
don mai gida ba ya karɓar launi ranar biyan haya.

Washegari mahaifin Ximena ya hawo,
matakala tamanin da shida, yana hutawa duk bayan ashirin.
Shekara talatin ya yi yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
yanzu ko cokali ya riƙe sai ya yi rawa.
Wasa ɗaya yake yi a duniya, na kamun kifi.
Ya ce, na ji za a fito da na biyu. Yaushe?
Ximena ta miƙa masa waya: Baba, duba da kanka.
Muka gyara zama muna jiran yabo.

Bidiyo ya fara ihu ba wanda ya taɓa shi.
Saura kaɗan wayar ta sha ƙasa.
Tallar takalmi ta rufe allo,
alamar rufe ta kuwa kamar ƙwayar riɗi.
Ya kai babban yatsa, ya sami takalmin,
aka wuce da shi kasuwa bai shirya ba.
Ya dawo.
Ya kama kanun labari, yana tsakiyar kalma ta huɗu
kanun ya sulale, wani ya zauna a wurinsa.
Layukan nan uku na kusurwa,
waɗanda muka ɓoye komai a bayansu,
shi ya zaci karce ne a gilashi.
Ya goga da bakin rigarsa.

Na ƙirga. Minti goma sha ɗaya.
Ya kife wayar a kan tebur, a hankali.
Ya ce, a tasha, in ka jibge kaya ba ka bar hanya ba,
ba lodi ka yi ba, katanga ka gina.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Namu ɗakin, sai da baƙo ya jiƙe muka ɗaga kai.

Daren nan ba mu ƙara komai ba, ragewa muka yi.
Amaro ya ce, ai kowa ya san layi uku.
Ximena ta ce, kowan nan a wace unguwa yake?
Ta tsayar da hotunan cak.
Ta ƙara wa haruffa ƙiba.
Ta rubuta Nema da manyan baƙi, a sama, inda ido ke fara sauka.
Na cire talla huɗu,
ina cire kowace ina jin mai gida na buga ƙofa a ƙirjina.
Kofi ya huce. Jirgi ya yi kuka a ƙasa.

Litinin ya sake hawowa.
Taɓi ɗaya, taɓi biyu, ga labarin.
An ɗage wasan sai watan Maris.
Ya ja tsaki mai tsawo,
ya ce, to, wannan dai ba laifinku ba ne.
Ya ɗauki hularsa.
A bakin ƙofa ya waiwayo ya tambaye ni
ko takalmin nan akwai lamba arba'in da uku.