Ranar da Muka Tuɓe wa Gingimari Riga

Noti goma sha shida ke riƙe da bodinta.
Goma sha ɗaya sun ji magana.
Huɗu sai da Sada ya kwana uku yana ba su baƙin mai
kamar mai ɗura wa majinyaci kunu.
Na ƙarshen ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe,
Nalado mai walda ya sa masa wuta.

Garejin bayan Ƙofar Ƙaura, hantsi ya ɗaga.
Muka kafa turaku uku na ƙarfe,
muka rataya sarƙa, muka ɗaure ta ta kunkumi.
Ja! Dakata! Gefen hagu ya karkace!
Katakon ya yi wata ƙara
irin ta gwiwar tsoho in zai tashi daga tabarma,
sannan ya saki.

Sai ga abin da shekara hamsin ta ɓoye:
ɓawon gyaɗa ya daskare cikin giris,
kwabo mai huji, sheƙar ɓera,
jar ƙasar da ba ta Katsina ba,
da cokalin shayi guda ɗaya.
Wa ya neme shi? Wa aka mara saboda shi?

Ga ta nan tsirara,
dogayen ƙarafa biyu da haƙarƙari a tsakani.
Ashe duk girman nan da take cika hanya da shi,
a kan ɗan wannan yake zaune.

Da la'asar na jawo hannun Baba.
Idonsa ya daɗe da yin ritaya,
shi da ya yi mata karen mota tun gemu bai fito ba.
Ya bi shasin da tafin hannu, taku bakwai,
ya tsaya daidai kan sifirin na baya,
inda wani ɗinki ya kumbura kamar tabon ƙuna.

Ya ce, nan ne.
Gangaren Kusada, da damina, lodi ya fi ƙarfinta.
Mun ɗinke cikin dare, maigida bai taɓa sani ba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Nalado ya matso da injin gugarsa,
ya ce ɗinkin ya yi muni, a goge a sake.
Na ce ya fara ta gaba tukuna.
Baba bai ɗauke hannunsa ba.