Ɗorin Dare

A aji Dakta Kakale ya baje ƙasusuwa bisa tebur:
fiffiken jemage, ƙafar akuya, hannun mutum na roba.
Ya ce mu ƙirga, muka ƙirga.
Ɗaya a sama, biyu a ƙasa, sai tarin ƙanana.
Ya ce zubi guda ne, zamani ke ja yana datsewa,
wanda ya dace da wurinsa ya bar baya,
wanda bai dace ba ƙasa ta cinye labarinsa.

Ni ban yi mamaki ba.
'Yar maɗori ce ni, a Aliero aka binne cibiyata.
Tun ban kai tsawon rudun albasa ba
nake miƙa wa Baba kara da tsumma.
Na ga ya ɗaure ƙafar rago da hantsi,
ya ɗaure ta direban tifa da la'asar,
yatsun nan dai, tofin nan dai,
ƙashi bai taɓa tambayar mai shi asalinsa ba.

Sai Dakta ya wuce ƙashi ya shiga zuciya.
Tsoron maciji, kwaɗayin zuma,
yadda uwa ke farkawa kafin jariri ya motsa,
duk ya ce gadon waɗanda suka tsira ne.
Alheri ma, in ji shi, ko jini ne ko bashi:
ka taimaki naka, ko wanda zai rama,
ko a gan ka a yaba.
Na rubuta. Na ci maki goma sha bakwai cikin ashirin.

Shekarar da albasa ta yi tsada
wani dare muka ji ƙas! kamar an taka busasshen kara.
Tunau ne a gindin katangarmu,
rabin buhu a warwatse, ƙaurinsa ya koma baka.
Yayyena suka fito da sanduna.
Ni ma wani abu ya taso mini daga ciki,
zafi wanda ya girmi magana,
kuma wannan kam Dakta ya faɗe shi daidai.

Baba ya haska tocila. Ya daɗe yana kallo.
Na ga muƙamuƙinsa yana motsi.
Ya ce, "Ku aje sandunan ga. Ke, ɗora ruwa."

Tunau ba jininmu ba ne.
Ba shi da ko akuyar da zai biya.
Kafin kiran assalatu Baba ya tura shi a baro
har ƙofar tsohuwarsa, ya ce daga babur ya faɗo,
ya dawo ya ce duk wanda ya buɗe baki ba shi ba shi.
Kwana arba'in yana zuwa duba ɗorin bayan isha,
ta lungun da ba fitila.

Na kai wa Dakta labarin, na ɓoye suna.
Ya ce, kin san kaza kan kwanta kan ƙwan zabo,
ɗabi'a ce ta yi ɓatan kai.
Na ce, kaza ba ta sani ba, Dakta.
Baba ya sani.
Da gari ya waye sai da ya ƙirga buhunansa sau biyu,
ya ƙi cin tuwo.
Dakta ya cire tabarau ya goge da bakin riga,
ya ce wannan ba zai fito a jarrabawa ba.

Har yau ina son darasinsa.
In na kalli tafina ina ganin doguwar hanya a ciki,
ba na jin kunyarta.
Sai dai ta kawo ni gindin katanga ta tsaya,
ba ta gaya mini abin da ya faru
tsakanin hasken tocila da "ɗora ruwa" ba.

Tunau na wucewa ta ƙofarmu ranar kasuwa,
yana ɗan ɗingishi, ba ya gaishe mu.
Jiya Baba ya bi ƙafar da ido har ta sha kwana,
ya tofar da goro, ya ce,
"Na ɗan karkata ɗorin ga.
Hushi nika yi daren nan."