Jininsu Bai Haɗu Ba

Ƙarfe biyu saura kwata na dare,
janareta na tari a bayan Babban Asibiti,
aka turo mini takarda daga ɗakin gaggawa:
Mannir Tela, Rafin Daɗi, jini, yanzu-yanzu.
Babur ne da a-kori-kura wajen Ƙofar Ƙaura,
kuma abin da kwalta ta sha ba ta mayarwa.

Na buɗe firji. Wayam.

Ƙanensa Sada ya riga ya naɗe hannun riga.
"Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya muka sha,
ɗebi kawai, malama, me za a tsaya aunawa?"
Na ce masa jini bai san sunan uba ba.

Ɗigo uku a kan farin tangaram.
Na ɗiga shuɗi a na fari, rawaya a na biyu,
na ukun garau yake kamar hawaye.
Na motsa da tsinke, na jira.
Na Mannir bai kula shuɗi ba, bai kula rawaya ba.
Na Sada kuwa, yana jin rawaya ya tsinke
kamar madarar da tsamiya ta faɗa wa.

Da na zuba masa wannan
da na kashe shi da hannun ɗan'uwansa.

Sada ya dafe kai, ya ce injinmu ne ya lalace.
Babu inji a nan, ɗan samari,
daga idona sai tsinke.

Can ƙarshen benci akwai wani bai ce uffan ba,
gaban rigarsa ya bushe da jinin da ba nasa ba.
Tukur mai faci.
Shi ya kinkimo shi daga bakin titi.
Katanga ɗaya ta raba gidajensu,
da indararo guda mai zuba inda bai kamata ba.
Damina bakwai ko sallama babu,
har gaban mai unguwa an je sau biyu.
Kowa a layin ya sani: jininsu bai haɗu ba.

Ya miƙo hannu, yana kallon bango.

Rukuni ya zo ɗaya, amma ban saki jiki ba.
Suna ɗaya ba hali ɗaya ba ne.
Na tace na Tukur, ko da wata cuta ta laɓe,
sannan na ɗebi ruwan jinin majinyaci,
na haɗa da jajayen ƙwayoyin maƙwabcinsa
a kwalba siririya kamar ɗan yatsa,
na ajiye su cikin ɗumi irin na jikin mutum.
In da faɗa, su yi shi a nan,
kada su bari sai cikin jijiya.

Rabin sa'a.
Nas Barira ta ƙwanƙwasa taga har sau uku.
Na ce mata sauri ya haifi nawa,
alhali ƙafata na rawa a ƙarƙashin tebur.

Na ɗora ido a madubi.
Ga su nan, ɗaiɗai, suna yawo
kamar tumaki a fili bayan girbi,
babu mai hawa kan wani,
babu wanda ya dunƙule.
Na sake dubawa. Na rubuta lamba a leda,
na sa hannu da cikakken sunana.

Tukur na shan lemon da aka saya masa,
auduga a lanƙwashe cikin gwiwar hannu.
Ya ce, "Kada a gaya masa."
Na ce ni lamba nake rubutawa.

Na Sada ma mun ɗiba, tunda ya nace.
Ya kwana biyu a firji
kafin ya dace da wata mai jego daga Batagarawa
wadda ba zai taɓa sanin sunanta ba.

Da asuba na bi ta ɗakin maza zan tafi gida.
Ledar ta kusa ƙarewa, ɗis, ɗis,
leɓen Mannir ya fara komawa launinsa.
Indararon dai, in ji Sada, yana nan inda yake,
kuma damina saura wata biyu.