Farin Ciki

Daga Figil muka taso da asuba,
ni da Kawu Barmo, a motar 'yan albasa,
tarinsa yana ƙirga ramukan hanya har Garwa.

Jaka bakwai a taga. Rasit. Benci.
Can Asta mai ɗaukar hoto ta leƙo:
"Cire riga, cire laya,
manna ƙirjinka a allon nan.
Ja numfashi. Riƙe."

Riƙe?
Mutumin da ya riƙe guduma shekara ashirin da shida
yana fasa dutse a bayan gari,
ya riƙe gida mai baki goma sha ɗaya,
yau ya kasa riƙe iska zuwa ƙirgen uku.
Sau huɗu ana sakewa.

Likita ya rataya hoton jikin fitila.
Ga haƙarƙari, kwalekwalen da aka kife a gaɓar Binuwai,
ga zuciya ta raɓe gefe kamar mai jin kunya.
Ya ce, "A nan, huhu mai lafiya baƙi ne,
baƙi wuluk, don iska ba ta da inuwa.
Wannan farin kuwa..."
sai ya bi shi da bakin biro,
ɗigo-ɗigo kamar gero a faifai,
can sama ya dunƙule, curin fura biyu.

Kawu ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
"Ashe farin ciki gare ni!
Shekara da shekaru ina nemansa a waje,
yana nan ciki yana taruwa."

Likita bai dara ba.
Ya ce, "Ana ba ku abin rufe hanci?"
"Rawanina nake jawowa.
Da yamma in kakkaɓe."
"Wanda ya shige ba ya kakkaɓuwa, Baba.
A kawo majina gobe, mu duba ko da tarin fuka a kai."

A hanyar komawa ya rungume ambulan,
ya hana kowa jingina da ita.
Ban da na katin ɗan ƙasa,
wannan ne hotonsa kaɗai a duniya.
Goggo ta ɗaga shi ga rana, ta juya, ta sake juyawa,
ta ce ba ta ga kama ba,
ta tura shi ƙarƙashin katifa, wurin takardar fili.

Ran Litinin gudumar tana hannuna.
Ƙotarta ta lotsa daidai yatsunsa.
Na tsaya a bakin ramin,
na ja numfashi,
na riƙe,
ina ƙirgawa.