Ƙugiyar da Ta Ɓata

Laraba, biyu saura kwata, a Gwadangaji,
zafi ya zauna kan kwanon ofis kamar mai bin bashi.
Ni da uwar na'ura ɗakinmu guda,
don ita aka sa sanyi, ni albarkacinta nake ci.

Takardun filaye dubu arba'in da ɗoriya
na kwance a cikinta, gara ba ta san hanya ba:
fadamun Kalgo, gonakin Zauro, kangayen bayan tasha.
Ni ke riƙe da makullan da ba a ratayawa a ƙugu.
Wane ya duba kawai. Wane ya gyara.
Wane ko ƙofar ma ba zai gani ba.

Sai Sahabi ya leƙo, yana share goshi:
"Tsohuwar nan ce. Zuwanta uku ke nan.
Na'ura ta ce babu."

Inna Hajo, daga Ambursa,
da sauran lakar shinkafa a dugaduganta.
Ta ce, "Ɗana, mijina da hannunai ya kawo takardar,
shekarar da ruwa ya ci mamu gero.
Yau ɗiyan ƙanenai sun ce fadama tasu ta.
To ina wagga babu ta hito?"

Na buga sunan: Ƙwaire Ɗan Nomau.
Allo ya yi ta juyi kamar jaki a turke,
sannan ya ce ba a sami komai ba.

Na duba izini, ko an rufe ta ga wani.
Na tona kwandon shara, ko hannu ya goce.
Na buɗe kwafin ajiya na watan jiya,
sai aka ɗauke wuta.
Batir na kuka, Sahabi ya ruga neman mai janareto,
shi kuwa ya tafi alwala da makulli a aljihu.
Inna ta warware goro, ta ɓantara mini rabi.
Wanda ya jira damina, me ne ne minti ashirin?

Da wuta ta dawo na shiga kundin sawu,
inda kowane motsi ke barin tafin ƙafa.
Na bi shi baya-baya, kamar mai neman akuya,
har daren da muka yi ƙaura daga tsohon rumbu zuwa sabo.
Ni na yi aikin. Ga sunana a kai.
A daren nan duk harafin da ke da ƙugiya
ya faɗi a hanya, alamar tambaya ta gaje kujerarsa.

?waire ?an Nomau.
Ga shi nan, shekara biyu yana tambaya,
ba wanda ya amsa.

Na ƙirga 'yan uwansa: dubu uku da ɗari da sha biyu.
Ɗanjuma, Ƙulu, Ɓaidu, Ɗahe,
mutane masu gona, fihirisa ta mai da su baƙi.
Kunya ta fi zafin waje.

Na mai da masa haruffansa biyu da hannu.
Injin bugawa ya yi tari, ya tofo takarda,
ga hatimi, ga iyaka: daga giginya zuwa bakin gulbi.
Na nuna mata ɗan lanƙwasan da ya jawo duk wannan.
Ba ta karatun boko, amma ta ɗora yatsa a kai,
ta daɗe, sannan ta yi dariya:
"Ƙwaire masunci na.
Bai taɓa kwana ba ƙugiyatai na waje."

Ta naɗe takardar cikin leda, ledar cikin zane, ta tafi.

An yi la'asar, an yi magariba, ofis ya watse.
Fihirisa na sake ginuwa, kashi tara cikin ɗari.
Na aika gida kada a jira ni da tuwo.
Saura dubu uku da ɗari da sha ɗaya,
kuma ban san wanne cikinsu
ya riga ya gaji da zuwa ba.