Gidajen Baffa Sali

Bakin gadar Binuwai, a bayan takardar siminti,
Baffa Sali ya ja layuka,
ya toshe wasu gidaje da gawayi.

"Rami ya rikice, kunci ya sha. Harafi huɗu."
Na leƙa kowane rami da na sani
har shayina ya huce.
Ya ce, "Jimlar lulluɓi ta yi.
Rabinta ma'ana, rabinta dabara.
Girgiza haruffan."

Mari! Sai da kunnena ya yi ƙara.

Ta ƙarshe: "Fille kan garinmu, boka ya samu sana'a."
Kwana uku ina taunarta
a kan babur, a layin mai.
Yau da asuba ina jan ruwa da garwa,
G ta faɗa rijiya,
arwa ta rage a hannuna.