Abin da Jirgin Haliru Ya Gano

Yayana Haliru gyaran fanka yake yi
a wata rumfa can Runjin Sambo.
Farin soson da ake naɗo firji a ciki
shi ya tsinto a bola,
ya yanka da reza, ya goge, ya liƙa da gam.
Wata biyu yana yi wa soso fiffike
har maƙwabta suka ce zafin bana ya taɓa shi.

Ni aikina riƙon waya.
Gilashinta ya tsage tun bara,
tsagar ta ratsa kamar hanyar tururuwa,
amma tana gani.

Ranar Asabar, kafin rana ta fara faɗa,
muka hau kabu-kabu mu uku har da jirgi,
muka gangara fadamar Kwalkwalawa
inda gulbi ya janye ya bar wa mutane fili.

Ya ɗaura 'yar kyamara a hancin jirgin
da robar ɗaurin kuɗi.
Ba ta kai akwatin ashana ba.
Ya tsinki ciyawa ya saki, ya ga inda iska ta dosa,
ya ce, "Luba, kar ki bi ni. Shi za ki bi."

Farfela ta ɗauki kukan sauro,
ya ruga taku biyar, ya wurga.
Ni kuwa ƙafata na ɗauka.
Wallahi ƙafata, da silifas, da busasshen kashin shanu,
da muryata tana tsage waya:
yat tashi! yat tashi!
Kafin in ɗaga hannu
ya koma ƙwayar gero a cikin shuɗi.

Shirwa ta zo ta kewaye shi sau biyu,
ta rasa ko ɗan'uwa ne ko kalaci,
ta kama gabanta.
Haliru yatsa biyu kan rimot, baki buɗe,
duk inda fiffike ya karkata can kafaɗarsa take bi.
Ban taɓa ganin ƙafarsa a ƙasa
shi kuma ba ya nan ba, sai ranar.

Minti shida batir ya yi alkawari.
Huɗu ya cika.
Kukan sauro ya ɗauke,
jirgi ya sunkuyo kamar mai neman allura,
ya kafa hanci cikin albasar Nomau.

Tsoho ya taso da fartanya a kafaɗa:
"Wa za ya biya ni?"
Haliru bai ce uffan ba.
Ya tono kyamara daga laka, ya zare kati,
ya sa a wayata.
Kai uku ƙarƙashin malafa ɗaya.

Ga gulbi kamar igiyar guga da aka yar.
Ga komaye jere kamar gurbin dara,
shanu farin wake,
gada tsinken tsintsiya,
ga wasu ɗigo biyu, ɗaya na tsalle.
Ni ce.

"Tsaya," in ji Nomau. "Maida baya."
Ya ɗora yatsa mai laka a kan tsagar.
"Komin can na kusurwa da yay yi fari.
Shekara uku ina zagin mai iri,
ashe ruwa na ba su kai."
Ya yi shiru.
Shekara hamsin yana taka gonar nan
bai taɓa ganin fuskarta ba.

Albasar da jirgi ya tuge ya ɗaure mana.
Ya ce mu dawo Asabar,
amma in za mu faɗo, mu duba ta maƙwabci.

Daren nan Haliru na ɗinke fiffike da gam,
ɗaki duk warin albasa.
Ya ce in yanke farkon, wurin ƙafar.
Ban yanke ba.